Saƙon Mai Gyaɗa ta Umbadda

Shekarar da na kai maigidana asibiti a Soba, can ƙasar waje ta gabas, saboda ciwon ƙoda, abin da ya fi ba ni wahala bayan jinyar shi ne jin muryar gida. Wayar ofis ba ta talaka ba ce. Kafin ka gama gaisuwa an ce lokacinka ya cika. Matar da ta sauke ni a unguwar Alsawra, Bahaushiyar can da kakanninta suka zo a ƙafa, ita ta kwatanta mini wani shago a unguwar Umbadda inda ake kira ta kwamfuta da araha.

"Amma kada ki ɗaga murya wajen tambayar hanya," in ji ta. "Hukuma ba ta so."

Daga gaba sabulu da batir ake sayarwa a shagon. Sai ka ɗaga labule za ka tarar da kwamfuta biyu da fanka. Mai shagon ba ya son yawan magana. Ya buga lamba, ya miƙo maka abin sawa a kunne, ya koma gaba. Lambar maƙwabcinmu a Gusau nake ba shi, a aika a kira Innata. Layin yana da jinkiri. In na yi sallama sai muryata ta fara dawo mini, kamar daga cikin rijiya, sannan amsar Inna ta biyo baya.

A bakin ƙofa wata tsohuwa take zama da farantin gyaɗa. Na lura duk ranar da na shiga sai ta jawo kujerarta kusa da labulen. Wata rana da na fito ta riƙe mini bakin mayafi.

"'Yata, wane gari kike kira?"

Na faɗa mata. Sai ta ambaci wani ƙauye da ba shi da nisa da mu. Daga can iyayenta suka taso za su Makka, tana goye. A hanya yayarta ta kwanta ciwo, aka haɗa ta da wani ayari mai komawa yamma. Iyayen ba su kai Makka ba. A gonakin audugar Jazira suka ƙare, can aka binne su. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai kusan rabi Larabci.

Da na sake zuwa na ce, "Iya, taso ki gaisa da mahaifiyata."

Na sa mata abin a kunne. Ta yi sallama, sai ta waiwaya bayanta da sauri.

"Wa ke kwaikwayona?"

"Muryarki ce, Iya. Ki ɗan jira."

Da amsar Inna ta iso, tsohuwar ta dafa teburin da hannu biyu. Ta faɗi sunan mahaifinta, ta ce marini ne, ta ce uwarsu takan ce yayar tata tana da tabon ƙuna a hannun hagu. Inna ta ce za ta bincika.

Daga nan jikin maigida ya rikice, aka yi masa aiki, na daɗe ban tsallaka kogi zuwa Omdurman, inda Umbadda take, ba. Ranar da na koma, kwaɗo na tarar a ƙofar shagon. Mai shayin da ke kusa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wasu mutane sun zo da mota marar lamba sun kwashe na'urorin, sun tafi da mai shagon. Tsohuwar kuma tun ranar ba ta sake fitowa ba. Gidanta? "Daga can ciki take zuwa," shi ne iyakar abin da aka sani.

Dole na koma wayar mai tsada don in shaida wa Inna an yi aiki lafiya. Ba ta bari na gama ba.

"Na samo gidan," ta ce. "Ga tabon, ga sunan uban, duk sun yi daidai. Amma yayar tata ta rasu daminar bara. 'Ya'yanta sun ce har ta mutu tana cewa tana da ƙanwa a gabas."

Na shiga lungunan Umbadda ina tambaya. Gidajen duk gajeru, duk iri ɗaya, tsofaffi masu gyaɗa kuwa ba su ƙirguwa. Duk wadda na tsaya a gabanta sai ta ɗago kai, in ga ba ita ba ce. Har aka sallame mu ban same ta ba.

Bayan mun dawo Inna ta kai ni ƙauyen. Babbar 'yar marigayiyar, ita ma har ta yi jikoki, ta shimfiɗa mana tabarma ta zauna tana kallona.

"Ta yi kama da ni?"

Na dube ta sosai. Muryar tsohuwar tana kunnena, amma fuskar ta ƙi zuwa. Na ce hannayensu iri ɗaya ne. Ta juya tafinta tana dubawa.

"Ta san mun ji labarinta?"

"Ba ta sani ba."

Ta kira ɗanta ya kawo biro, ta ce in ba shi lambar da ake samun Iyar, ko gaisuwa su yi. Na ce babu lamba. Ya tsaya da biron a hannu, yana jira ko zan tuna.