Ranar da Motar Baba Ta Tsaya a Hawan Kawo

In dai ina da rai da hankalina, ba zan manta wata Talata ta tsakiyar damina ba, ranar da na bi motar mahaifina a baya kamar 'yar leƙen asiri. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in hadari ya haɗo da la'asar ina cikin cunkoson motoci, sai ranar ta dawo mini ɗungurungum.

Baba direban gwamnati ne tun yana saurayi har ya yi ritaya. Babu garin da bai kai manyan ma'aikata ba a arewacin ƙasar nan, kuma abin alfaharinsa shi ne bai taɓa ko kwarzanar motar wani ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai mota ta zame masa abokiyar zama. Daga gidansa na Unguwar Dosa zai fita ya gai da wannan, ya duba wancan, ya dawo da labari cike da baki. Da tsohuwar motarsa ta gaji, mu 'ya'yansa muka haɗu muka sauya masa da wata ta zamani mai sa wa kanta giya. Ya yi murna, ya sa mana albarka, amma da ya shiga ya kai hannu inda ya saba jan birkin hannu sai ya kama iska. Wani ɗan maɓalli ne a wurin, wanda ake ɗagawa da yatsa ɗaya.

"Wannan ne zai riƙe mota?" ya tambaye ni. "Auta, ai wannan na kunna fanka ne."

In ba zai faka motar ya fita ba, ba ya taɓa maɓallin nan. Komai tsawon cunkoso, da ƙafarsa yake danne birki.

Wata rana a cunkoso motar ta silale masa ta taɓa wani keke napep. Babu wanda ya ji ciwo, fitilar keken ce kawai ta fashe. Baba ya ce gwiwarsa ce ta sage saboda daɗewar da ya yi yana take birki. Babban yayanmu, wanda dama shi komai nasa hukunci ne, ya tara mu ya ce a karɓi makullin a samo wa Baba direba. Ni kuwa na tashi tsaye. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙa wasu, yau a ce wani zai tuƙa shi? Na san in aka raba shi da sitiyari an zaunar da shi ke nan. Na yi ta masifa har muryata ta dishe, daga ƙarshe Yaya ya ce ya ba ni wata guda in nemo mafita, amma in motar ta sake motsi ba da izini ba, magana ta ƙare.

Mafitar kuwa ina ganin na riga na san ta. Motar wata abokiyar aikina tana da wani tsari da suke kira oto-hol: da zarar ka taka birki motar ta tsaya cak, sai ka ɗauke ƙafarka, ita da kanta za ta ci gaba da riƙe birkin har sai ka taɓa totur. Ta Baba ba ta zo da shi ba, amma aka ce ana iya sa mata. Na ɗauki motar na kai wa wani mai wayarin a Badarawa, dattijo mai tabarau da kwamfutar duba mota. Ya saurare ni tsaf, ya leƙa cikin motar, sannan ya ce:

"Hajiya, aikin zai yiwu. Za a sa maɓalli, a ja waya, a shiga kwamfutar birkin a buɗe mata shi. Amma ni da za ki ji tawa, ki bar motar nan yadda take. In ya tsaya ya ɗaga birkin hannun da yatsa, ya huta da ƙafarsa. In zai tafi, muddin ya ɗaura bel, yana taka totur za ta saki kanta. Me ya rage?"

Na ce Baba ba ya yarda da maɓallin.

"To a koya masa mana. Ko kuma a tambaye shi da kyau me ya faru ran nan."

Haushi ya kama ni. Na zo gyaran mota, ana neman a yi mini wa'azi. Na ce masa ni dai abin da na ce shi nake so, in ba zai iya ba ya faɗa mini in ƙara gaba. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, in dawo jibi. Kuma gaskiya aiki ya yi mai kyau, ban taɓa samun abin kushewa a ciki ba.

Ranar da Baba ya gwada, a ƙofar gida inda ƙasar ta ɗan gangara, ya taka birki, wata 'yar koriyar fitila ta kama, ya ɗaga ƙafarsa a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya. Motar ba ta motsa ba. Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Ikon Allah! Wato yanzu har zaman banza an samo wa direba." Muka yi dariya. Sati uku suka wuce lafiya lau, ni kuwa sai tafiya nake ina jin kaina.

Duk Talata Baba yakan je duba wani tsohon abokin aikinsa da ke kwance a can gaba da Kawo. Ranar kasuwa ce, hanyar ba ta da daɗi, shi ya sa na zaɓe ta. So nake in gani da idona, in je in ce wa Yaya ga mutumin da ka ce ya tsufa. Na tashi daga ofis da wuri, na laɓe a bakin layinsu har ya fito, na bi shi, mota ɗaya ce tsakaninmu.

A hawan da ke kaiwa gada muka tarar da cunkoson. Sama ta yi wani irin launi, rabi baƙin hadari, rabi hasken rana ruwan ɗorawa, sai yayyafi ke sauka siriri-siriri ba ƙara. Hayaƙin masu gasa masara yana tashi a hankali yana bi ta tsakanin motoci. Jajayen fitilun birki suka narke a jikin gilashina, in goge su dawo, in goge su dawo. Ta gilashin motar da ke gabana ina hango ƙeyar Baba da farar hularsa. Sai na tsinci kaina ina 'yar shekara bakwai a kujerar baya, muna hanyar Zariya, ina kallon ƙeyar nan har barci ya ɗauke ni. Duk yarintata ban taɓa jin tsoro a mota ba, don na san wanda ke gaba idonsa biyu. Wani sanyin daɗi ya rufe ni. Motarsa tana tsaye daram a kan hawa, na ce a raina, Yaya, yau ka sha ƙasa.

Sai layi ya motsa. Motocin gaba suka tafi, fili ya buɗe a gaban Baba, motarsa ba ta tafi ba. Wanda ke bayansa ya danna ham, na gefe suka taya shi. Shiru. Masu keke suka fara kewaye shi suna zage-zage. Ban san lokacin da na fita ba, takalmi ɗaya a ƙafata, mayafina yana jan ruwa.

Kansa na jingine da gilashi, hular ta karkace, bakinsa a ɗan buɗe, hannayensa biyu a kan cinya. Na ja ƙofa, a kulle. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na shiga dukan gilashin da tafin hannu ina kiran Baba, Baba. Wata mai masara ta taso ta riƙe ni tana cewa, "Yi salati, baiwar Allah, yi salati." A wannan ɗan lokacin, a zuciyata, na gama yi masa wanka, na gama karɓar gaisuwa, na gama zama marainiya gaba da baya.

Sai ya buɗe ido. A hankali, yana murmushi, irin murmushin da rabona da ganinsa tun mahaifiyarmu na da rai. Ya sauke gilashin ya dube ni kamar daga nesa, ya ce, "Har mun iso Kachiya?"

Sannan ya ji ham, ya ga mutane, ya ga ƙafata ba takalmi. Murmushin ya tafi.

Ya ja motar ya gangara gefen hanya, na ɗauko tawa na faka a bayansa, na shiga na zauna kusa da shi. Ruwan ya ɗan ƙaru yana buga rufin motar. Da ya fara magana, gilashin gaba yake kallo.

"Mafarkin mahaifiyarku na yi. Muna hanya, gonaki kore shar hagu da dama, tana ɓare mini lemo tana miƙo mini. Hanyar ba rami ko ɗaya." Ya shafa gwiwarsa. "Auta, gwiwar tana ciwo, ban yi miki ƙarya ba. Amma ba ita ta saki birki ran nan ba. Gyangyaɗi na yi."

Ya ce da can dannar birkin ce take ɗan riƙe shi a farke. Tun da na sa masa na'urar nan, ƙafa ta huta, sai barcin ya samu wurin zama. Wannan ne karo na uku, sauran biyun ham ɗin farko ya tashe shi.

Kunya da tausayi suka kama ni, amma taurin kaina bai bar ni ba. Na ce to a cire na'urar, ya koma ɗaga maɓallin birkin hannu duk tsayawa, hannunsa zai samu abin yi. Na ce Yaya ba zai ji komai daga bakina ba. Wallahi da gaske nake, a shirye nake in rufa wannan asiri har abada.

Ya girgiza kai. "In na yi barci a tsaye, ko na'urarki ko maɓallin, ɗaya zai riƙe motar. In na yi ina tafe fa? Wa zai riƙe 'ya'yan mutane?"

Ya kashe motar. Ya ɗauki makullin ya juya shi a hannunsa, sannan ya kamo tafina ya sa mini, ya naɗe yatsuna a kai. Ya buɗe ƙofa ya fita cikin ruwan, ya zagayo ta gaba a hankali, ya tsaya a ƙofar da nake zaune yana jira in ba shi wuri.

"Tashi ki kai ni, mutumin nan yana jirana. Kuma ki gaya wa yayanki ni na bayar, ba karɓa aka yi ba."

Na tuƙa ina share hawaye da gefen mayafi, shi kuwa yana ta gyara mini tuƙi: na matse na gaba da yawa, na cika taka birki da ƙarfi, wa ma ya koya mini mota? Na ce shi ne. Ya ce to bai gama ba. Bai sake zama a bayan sitiyari ba har Allah ya karɓi abinsa, amma duk Talata ni nake kai shi, kuma bai taɓa fasa yi mini faɗa ba.

Mutane sukan tambaye ni wanne ya fi, a sa wa mota oto-hol ko a dogara da birkin hannun da ta zo da shi. Nakan ce duka biyun suna aikinsu, mota kawai suke riƙewa. Abin da ranar ta koya mini daban ne. Na yi saurin yarda da maganar gwiwa ne saboda ita tana da magani a gareji, tsufan ubana kuwa ba ni da inda zan kai shi. In wanda kake ƙauna ya ba ka ƙaramin dalili, kafin ka ruga neman gyara, zauna kusa da shi ka ba shi lokaci, wataƙila babban yana bakinsa yana jiran wanda zai iya ji.