Ƙofar da Manjo Ba Ya Rufewa

Shekara tara na riƙe kundin fashin zuwa aji na ɗalibai a wata kwalejin kwana a Tanut, kuma ban taɓa rubuta abin da ban tabbatar ba. Shi ya sa rahoton manjo, ma'aikacin jinyar makarantar, yake ɓata mini rai kowane ƙarshen zango. Magana ɗaya yake maimaitawa: ɗalibai sun gamsu. Hujjarsa ita ce suna durƙusawa su yi godiya, kuma ba sa dawowa.

Ƙofar ɗakin maganin kuwa a buɗe take kullum, wai saboda zafi. Maza da mata suna layi a bakinta, shi kuma yana tambaya da muryar da ake ji har filin ƙwallo.

Akwai wata yarinya daga Tarka da kundina ya nuna tana fashin kwana uku kowane wata, ba takardar likita. Bisa doka kora ta hau kanta, ga jarrabawar birbe ta kammala kwaleji saura wata biyu. Na kira ta ofis, na rufe ƙofa.

"Madam, ciwon mara ne," ta ce, kanta a ƙasa. "Ko tashi ba na iyawa."

"Me kika gaya wa manjo?"

"Ciwon kai. Samarin ajinmu suna bayana a layi."

"Kuma kika yi masa godiya?"

"To Madam, babba ne."

Na ɗauki kundin na tafi wurinsa tare da ita. Ya leƙa nasa, ya yi dariya.

"Haba Madam! Wannan ai har albarka ta sa mini. Ni daga fuska nake gane wanda ya gamsu."

Na ce, "Manjo, fuskar ladabi kake karantawa. Rufe ƙofar nan ka sake tambayarta."

Ya ce in tsaya ga aljihun takarduna, shi bai taɓa koya mini jan layi a kundi ba, kada in koya masa aikinsa. Ban motsa ba. Na kori layin zuwa gindin bishiyar bedi, na jawo ƙofar da hannuna, na tsaya a gabanta. Bayan ɗan lokaci yarinyar ta fito da magani na daban da takarda mai hatimi. Da wannan takarda na soke fashinta gaban darakta, ta zauna jarrabawarta.

Washegari ƙofar ta koma a buɗe. Da rahoton zango ya zo hannuna, na tarar ya ƙara layi ɗaya: ya kawo yarinyar Tarka a matsayin misalin ɗalibar da ta gamsu tun zuwanta na farko.