Bari Ya Ci Tukuna

Ina ɗan shekara sha shida na taɓa gudu daga makaranta, muka wuni a bakin teku da abokaina. Kafin in koma gidanmu a unguwar Bani Malik da ke Jidda, labari ya riga ni. Na tarar da Baba tsaye a falo, rai a ɓace. Ya buɗe baki ke nan, Umma ta dire farantin shinkafa a gabana.

"Halas, Alhaji, bari ya ci tukuna."

Baba ya koma ya zauna. Sai da na suɗe hannu suka yi mini faɗa, cikin natsuwa.

Daga baya na tambayi Umma dalili. Ta ce kakarta a ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa, ta bi ta Sudan, cikin ayarin maniyyata aikin hajji. A hanya wani uba ya tsawata wa ɗansa saurayi da yunwa a cikinsa. Yaron ya yi zuciya ya bar zango, ba a sake ganinsa ba. Tun ranar matan ayarin suka yi alkawarin ba za su ƙara bari a yi wa yaro faɗa ba sai ya ƙoshi.

Tsigar jikina ta tashi. Ashe wani saurayi da ko sunansa ba mu sani ba, shi ya tare mini fushin Baba a Jidda.