Ranar da Inna Ta Ba Ni Zaƙi da Hannunta

Mun ɗauki hanyar Danja ke nan motar ta faɗa wani rami, kowa ya yi sama ya dawo, sai na ga hannuna ya tafi kan cikina yana jira. Yaron nan ba ya son girgiza. Ko taɓarya na ɗaga sai ya harbe ni. Na jira, shiru. A nan na tuna ko da safe ban ji shi ba. Jiya ma, tun da muka taso daga coci, ban tuna ya motsa ba.

Cikin ya shiga wata na bakwai. Ɗana na farko bai zo da rai ba. Har yau da nake rubuta wannan, in na tuna ramin nan sai na ajiye biro na ɗan huta.

Washegarin Kirsimeti ne. Wani Alhaji, aminin marigayi surukina tun suna sayen auduga tare, yana da wurin yin mazarƙwaila a fadamar Danja. Duk shekara yakan aiko mana da ita cikin kwando, bana kuwa ya ce mu zo da kanmu mu ga inda ake dafa ta. Maigidana, malamin firamare, ya aro a-kori-kura. Ƙanwarsa da yaran gida suna baya suna ta waƙa, ni ina gaba tsakaninsa da Inna, mahaifiyarsa. To, da wane baki zan yi maganar ciki a gaban suruka? Na haɗiye.

Tun rasuwar na farko Inna ta yanke cewa zaƙi ne ya yi mini yawa. A wurin iyayenmu mata, mai ciki in ta cika shan zaƙi yakan taru ya tsare wa ɗa hanya. Saboda haka ba sukari a kokona, ba rake, ba alewa, kullum safe kuma ga kofin jiƙon saiwa mai ɗaci. Na yi sakandare, ban taɓa cin karo da wannan a littafin kiwon lafiya ba. Amma bayan abin da na gani, ko toka aka ce in sha zan sha.

Tun kafin mu ga wurin ƙanshi ya tarye mu. Ƙanwar mijina ta diro tana gyara ɗankwali, ta ce, "Matar Yaya, yau dai aikinki shinshina. Kowa ya ci, ke ki yi mana addu'a."

Alhaji ya fito da hannun riga a naɗe. Ya gaida Inna da "matar abokina", ya tambayi mutanenmu na Malumfashi gida gida, sannan ya zaga da mu. Injin matsar raken ƙarafa ne masu juyawa, da doguwar sanda a kai an ɗaura wa wani jan doki, yana ta kewaya. Ana tura rake ta nan, ruwa yana zuba a garwa, tuka tana fita ta can. Ita tukar ake shanyawa a hura wuta da ita a ƙarƙashin wasu manyan kasake masu faɗi. Wani dattijo yana kwashe kumfa da dogon ludayi, ƙudan zuma sun yi masa rawani, ko a jikinsa. In ruwan ya yi kauri ya yi ja, sai a zuba a ƙananan tasoshi a jera a ƙasa ya daskare.

Dokin nan in ya ga dama sai ya ja ya tsaya, ba ya sake ɗaga ƙafa sai an sa masa gutsuren rake a baki.

Alhaji ya ce, "Ma'aikacin gwamnati ne, Malam. Irinku."

Maigidana ya ce shi zai nuna wa doki aiki. Ya kama sanda da sabon takalminsa na Kirsimeti, ya yi zagaye guda cikin taƙama, a na biyu ya taka jiƙaƙƙiyar tuka ya zauna daɓas. Dokin ya waiwayo ya dube shi. Yara har da birgima. Ni ma na yi dariya, ta baki kawai. A ƙarƙashin mayafi ina danna cikina da yatsa, nan, da nan, ina cewa a raina, tashi mana.

Da aka fara raba mazarƙwaila mai ɗumi a kan ganye, na zame na koma gindin wani mangwaro. Ban ji zuwan Inna ba, sai inuwarta na gani.

"Tun a mota hannunki ke wurin nan. Tun yaushe?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Tun jiya, Inna."

"Me kika ci yau?"

"Saiwar."

"Jiya fa?"

Jiya a tsaye na wuni kan tukwanen shinkafar baƙi, hayaƙi ya kashe mini sha'awar komai. Na gaya mata. Ta dube ni, sannan ta juya ta tafi da sauri irin wanda ban taɓa gani a ƙafafunta ba. Ta dawo da kwano cike da ruwan rake, sabon matsa, da ɓarin mazarƙwaila tana tururi.

Na ce, "Inna, zaƙi ne fa."

"Na sani. Ni na hana, ni na ba ki. Sha."

Na sha. Wata da watanni bakina bai ga zaƙi ba, har cikin kunnena na ji shi. Ta sa na kwanta ta gefen hagu, ta kwance mayafinta ta rataya a reshe ya kare ni daga maza, ta zauna ta ɗora tafinta a kan cikina. Hannun nan nata ne da ke murza mini saiwa kullum. Ina jin takun doki yana kewayawa, ina jin ƙanwar mijina tana ciniki da Alhaji wai a ba ta ƙanzon kasko. 

Can sai na ji kamar kifi ya juya a ruwa. Ban yarda ba. Sai ga harbi sosai, daidai tafin Inna.

Ta ce, "Ɗan banza. Ashe kwaɗayi ne. Gadon kakansa, shi ma haka yake sha mini sukari a ɓoye." Ta share ido da gefen zane ta miƙe. "Duk da haka sai an duba. Tashi."

Ta kira ɗanta gefe ta yi masa magana biyu, na ga fuskarsa ta sauya. Alhaji bai tambayi komai ba, ya dai sa aka loda mana kwando, ya ce Allah ya raba lafiya. A hanya Inna ce direba ta biyu, kowane rami sai ta ce, "A hankali, ba buhun masara ka ɗauko ba."

La'asar sakaliya muka isa asibiti a Malumfashi. Wata nas mai furfura ta kafa ɗan ƙahonta na ƙarfe a cikina, ta manna kunne, tana duban agogon ƙirjinta. Ta daɗe. Na ƙura wa silin ido ina karanta duk addu'ar da na iya.

Ta ɗago ta ce, "Zuciya tana bugawa lafiya lau. Ke da shi ba abin da ya same ku. Ki riƙa cin abinci, kin ji? In kin sake jin shiru kada ki kwana da shi, ki zo." Sai ta shinshina. "Wa ya shigo mini da mazarƙwaila ɗaki?"

Inna, daga bakin ƙofa, ta kwance bakin zanenta ta miƙa mata guda. Ragowar kuma ta ajiye a tafina ta rufe da yatsuna.