Haruna Mai Rumbun Iri

Ina kasuwar Ɗambatta ina tsokanar wani mai sayar da tumaki, Sabo ɗan acaba ya tsaya a gabana ya kashe mashin. Ya ce, "Iliya, hau mu tafi. Haruna ya cika." Na yi dariya, don na ɗauka ramuwar wata tsiya da na yi masa ce. Da na ga bai iya kallon idona ba, sai na hau bayan mashin ɗin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Haruna ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka yi allo. Tun muna yara ba ni da aiki sai jan sa da wasa, mahaifina kuma ba shi da magana sai, "Ka dubi Haruna." Na dube shi har idona ya gaji. Gonarsa ta fi tawa kyau, maganarsa ta fi tawa shiga kunnen dattawa.

A shekarun nan da damina take ɗaukewa gero bai gama ƙosawa ba, 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau kan shigo da motoci da kaka, mu sayar musu da hatsi da araha. Bazara na yi mu cinye sauran, ruwa ya sauka babu abin shukawa. Haruna ne ya je gaban mai unguwa ya ce kowane gida ya kawo dami ɗaya mai kyawun zangarniya, a zuba a rumbu guda, a liƙe bakinsa da laka, ba a buɗewa sai ruwan shuka. Yakan ce, "Wanda ya ci iri ya ci tuwon 'ya'yansa na baɗi." Aka ba shi tsaron rumbun. Ni da na ɗauki fiye da rabin dammunan a kaina, ko sannu ban samu ba.

Bara, da rana tsaka yana barci, na hau katanga na sheƙa bokitin ruwa a kan kwanon ɗakinsa ina ihu, "Ruwa! A fasa rumbu!" Yara suka ɗauki ihun. Ya fito ba riga, ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Iliya, hadarin naka ƙarami ne. Sai laima ta ratsa ƙasa kamu guda. Koma rafi ka ƙaro." Unguwa ta yi ta dariya, kuma ni aka yi wa. Ko a wasan da na fi shi iyawa sai da ya ƙwace min jama'a.

Zazzaɓi ya ɗauke shi a tsakiyar bazarar bana, rumbu na liƙe, gidaje da yawa na kwana da rama da zogale. Ranar sadakar uku wasu suka ce a fasa, a ba marayunsa, kowa ma ya ɗan samu. Ban hana su ba, don ni ma yunwar nake ji. Sai matarsa Hajara ta aiko daga ɗakin takaba: "Ku gaya wa Baba mai unguwa, 'ya'yan Haruna ba za su ci iri ba. Kowa ya yi haƙuri." Aka bar rumbun a liƙe.

Makon jiya ruwa ya sauka, mai unguwa ya fasa lakar da hannunsa. Kowane gida ya shuka. Mata na bin layi suna rufe rami da diddige, sunan Haruna kawai ke bakinsu.

Allah ya jiƙan Haruna, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajara haƙuri, ya raya abin da ya bari cikin wadata. Ni kuma, ya Ubangiji, idan tawa ta zo, ka sa in bar wa garin nan abin da za a ambace ni da shi, ko da rabin nasa ne. Amin.