Kwamfutar Maradun da Ta Ƙi Tashi

Cikin duk ranakun aikina, wata Litinin ta damina ce ta ƙi barin zuciyata. Lokacin ina ƙaramin jami'in kwamfuta a Talata Mafara. Ni da shugabana, marigayi Malam Garba, muke kula da na'urorin rajistar marasa lafiya na wasu ƙananan asibitoci a Bakura da Maradun.

Manhajar rajista ta Maradun ta tsiri ƙin tashi. Ina da wata 'yar manhajar bincike da na rubuta, ina ji da ita ƙwarai. Takan bi sassan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya ta ce lafiya ko babu. Sau uku tana cewa lafiya lau. Sai laifi ya faɗa kan Malama Hadiza mai rajista, wai ita ke taɓe-taɓe. Har an rubuta takardar ɗauke ta daga aikin, sa hannun Malam Garba kawai ake jira.

Ranar Litinin ɗin ya kira Hadiza a waya. Ya shiga gaisuwa: ina gida, ina yara, ina gajiya, ya ruwa. Ni duk na ƙosa. Yana ajiyewa ya dube ni.

"Sani, manhajar taka, mi taka tambaya?"

"Kowane sashe, ko lafiya yake, ranka ya daɗe."

"Shi kaɗai? Kai in ka gaida mutum ba ka tambayar iyali nai? Hadiza ta ce lahiya lau. Sai da nit tambayi yara tac ce ƙaramin na kwance."

Kunya ta rufe ni. Na ƙara wa manhajar tambaya biyu: da wa ka dogara, kuma ya riga ka tashi? Washegari muka gwada a Maradun. Ashe in aka koma kan janareta, rumbun bayanai, inda ake ajiye sunayen marasa lafiya, yakan yi nauyin farkawa. Rajista ta riga shi, ta neme shi ta rasa, ta kwanta. Kafin mu bincika ya farka, kowa sai ya amsa lafiya. Muka sa rajista ta riƙa jiransa.

Malam Garba ya yaga takardar, ya ce ni zan ba Hadiza haƙuri. Ta saurare ni tsaf.

"Malam Sani, sau nawa nic ce maku sai an kunna janareta taka yin haka? Kunka gaskata na'ura."

Na sake ba ta haƙuri. Ina kewar wancan ofishi da mutumin da ya riƙe shi. Ku da ke aikin yanzu, kafin ku buɗe manhajar bincike, ku fara jin bakin wanda ke wuni gaban kwamfutar.