Tuntuɓen Kaset ɗin Baba

Auta bai gaji komai a wurin mahaifinsa ba sai teburin gyaran rediyo da wani kaset marar suna, wanda wani ya manta a shagon bai dawo nema ba. Da shi Baba yake gwada duk rikodar da ya gyara. Tun Auta na rarrafe a ƙarƙashin teburin yake jin kiɗan, bai san jaz ake ce masa ba. Inna kuwa cewa take yi kiɗan marasa haɗin kai ne, kowa na jan nasa. Amma da an kunna, sai ka ga wanke-wankenta ya rage sauri.

Wata rana rikoda ta cinye zaren kaset ɗin. Baba ya yanke inda ya lalace, ya liƙe da jan farcen Inna, ya naɗe da biro. Tun daga ranar, in jitar cikin kaset ta hau sama, sai ta zube kamar an ja mata riga, ta yi tsalle ta ci gaba. Ba a taɓa zuwa wurin ba Inna ba ta ɗaga murya daga kicin ba: "Malam, ga tuntuɓenka nan!"

Bayan rasuwar Baba, Auta ya sayi tsohuwar jita. Gyaran waya yake yi a kan teburin nan, da zarar ƙafa ta ɗauke sai ya jawo jitar. Ba malami, sai kunne da kaset. Wurin tuntuɓen ne ya fi ba shi wuya, shi ne kuma ya fi so. Bawan Allah ya ɗauka gwanintar ke nan, sai da yatsunsa suka yi kanta kafin ya iya.

Wani tsoho mai busa, shugaban makaɗan wani otal, ya yarda ya saurare shi. Da Auta ya zo wurin tuntuɓen, tsohon ya yi dariya har da tari.

"Yaro, wa ya koya maka wannan? Ai ciwon kaset ne kake kaɗawa."

Ya kunna masa kiɗan cikakke a waya. Ashe akwai wani yanki mai daɗi da almakashin Baba ya cinye. Kunya ta kama Auta, amma daɗin ya fi kunyar. Ya shiga ƙungiyar, ya kama ɗaki kusa da otal ɗin, jaz ya zama cinsa da shansa. Ya yi ta horar da yatsunsa har suka manta tuntuɓen. Zuwa gida kuwa ya koma gobe, jibi.

A lokacin ne mantuwa ta fara cin Inna. Da farko gishiri take zubawa sau biyu, daga baya sunaye suka fara zube mata. Yayarsa ta kira shi: "Auta, ka zo. Yau ta tambaye ni ko ni 'yar wace ce."

Ya je da jitarsa, ya sami Inna zaune a bakin gado da hantsi. Ta gyara mayafi, ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah." Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

"Kaɗa mata na Baba," in ji Yaya. "Kaset ɗin ya daɗe da mutuwa."

Ya kaɗa shi tsaf, bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba. Inna tana ta tsinkar zare a bakin zaninta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sake daga farko. Da ya hau sama ya nemi zubewa, yatsun suka ƙi, suka wuce sumul. Ya koma, ya sake komawa, gumi na keto masa, har hannun ya tuna. Jitar ta zube, ta yi tsalle.

Inna ta ɗago kai, fuskarta ta washe.

"Malam, ga tuntuɓenka nan!"

Ta yi dariya, irin tata ta dā. Sannan ta matso, ta dafa gwiwarsa, ta rage murya.

"Wai ina Auta? Yaron nan ya daɗe bai leƙo ni ba. In ka gan shi, ka ce ina nemansa."

Yaya ta fita da sauri, hannunta a baki.

"Zan faɗa masa," in ji Auta.